James Madison da dabarar ɗaure mai iko

A ranar 17 ga watan Satumba na shekarar 1787, a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, mutum 39 suka sa hannu a kan wata takarda mai shafi huɗu. Ita ce tsarin mulkin Amurka, kuma har yau da ita ake aiki, bayan an yi mata gyara sau 27. A cikin wannan tsawon lokaci ƙasar Faransa, wadda ta rubuta nata na farko a shekarar 1791, ta sake tsarin mulki fiye da sau goma. Duk mai son sanin abin da ya sa takardar Filadelfiya ta daɗe haka, tilas ne ya bi ta kan tunanin mutum guda daga cikin waɗanda suka sa hannu, wato James Madison.

Madison gajere ne, siriri, mai yawan laulayi, muryarsa ba ta kai ƙarshen zaure. Bai taɓa jagorantar soja a fagen fama ba, kuma ko da yake ya karanta littattafan shari'a da yawa, bai taɓa zama lauya ko alƙali ba. Amma tambaya guda ta dame shi tun yana saurayi har ya tsufa: idan aka danƙa wa mutane iko, me zai hana su zalunci? Amsar da ya samu ita ce, kyakkyawar magana da aka rubuta a takarda ba ta isa ba. Sai an tsara mulki ta yadda kowane mai iko zai tarar da wani mai iko a gabansa.

Abin da ya gani yana saurayi

An haifi Madison ranar 16 ga watan Maris na shekarar 1751 a yankin Barjiniya, lokacin tana ƙarƙashin Sarkin Ingila. Mahaifinsa babban manomin taba ne, mai gandu da bayi masu yawa. Ya yi karatu a kwalejin da a yau ake kira jami'ar Princeton, ya gama a shekarar 1771.

Da ya komo gida sai ya tarar da abin da ya tayar masa da hankali. A Barjiniya ta wancan zamani, majami'ar Ingila ita ce ta gwamnati, kowa na biyan kuɗin ciyar da limamanta, ko yana binta ko ba ya bi. A shekarar 1774 ya rubuta wa wani abokinsa cewa a wata gunduma da ke maƙwabtaka da tasu an kulle mutum biyar ko shida a gidan kaso, laifinsu kawai sun yi wa'azi bisa tafarkinsu na ɗariƙar Baptist. Waɗanda suka kulle su kuwa maƙwabtansu ne, kuma doka ce ta ba su dama.

A shekarar 1776, da yankunan Amurka 13 suka ɓalle daga Ingila, Barjiniya ta zauna rubuta sanarwar haƙƙin ƴan ƙasa. Dattijo George Mason ya rubuta cewa za a yi haƙuri da kowa a kan addininsa. Madison, yana ɗan shekara 25, ya nemi a sake kalmar. A ganinsa, haƙuri kyauta ce daga mai ƙarfi, kuma wanda ya bayar yana iya karɓewa. Aka gyara ayar ta zama cewa kowa yana da haƙƙin yin addininsa bisa abin da zuciyarsa ta yarda da shi. Shekara tara bayan haka, da Patrick Henry ya goyi bayan dokar karɓar haraji don biyan malaman addinin Kirista, Madison ya rubuta takardar ƙorafi mai hujja 15, jama'a suka yi ta sa hannu, dokar ta faɗi. A watan Janairu na 1786 ya sa majalisar Barjiniya ta amince da dokar ƴancin addini wadda abokinsa Thomas Jefferson ya tsara.

Gwamnatin da ba ta da haƙori

Daga shekarar 1780 Madison ya zauna a majalisar da ta haɗa jahohin nan 13. Yarjejeniyar da ta haɗa su, wadda ta fara aiki a 1781, ba ta ba wannan majalisa ikon karɓar haraji ba, wato lanho. Sai dai ta roƙi jahohi su aiko da kuɗi, su kuwa wata ta aiko da kaɗan, wata ta yi shiru. Sojojin da suka yi yaƙin ƴanci suna bin albashi, bashin Faransa da na Holand yana kan ƙasa. Aka nemi a sa kuɗin duwan na kashi 5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa, amma gyaran yarjejeniyar sai kowace jaha ta yarda. A shekarar 1782 Rhode Island, mafi ƙanƙanta a cikinsu, ta ce a'a, magana ta mutu.

Mutane da yawa sun ga wannan rauni na gwamnatin tsakiya. Abin da Madison ya hango, wanda ba kowa ya lura da shi ba, shi ne abin da ke faruwa a cikin jahohin kansu. Majalisunsu zaɓaɓɓu ne, amma suna yin doka yau su rushe ta gobe, kuma sau da yawa dokar ta zalunci ce. A shekarar 1786 majalisar Rhode Island ta buga kuɗin takarda, ta tilasta wa masu bin bashi su karɓe shi a kan cikakkiyar daraja, alhali darajarsa na zubewa kullum. Har aka riƙa ba da labarin cewa mai bin bashi ne ke ɓuya wa wanda yake bi. A jahar Massachusetts kuma, manoman da haraji da bashi suka ƙuntata suka ɗauki bindiga ƙarƙashin Daniel Shays, suka hana kotuna zama.

Jefferson, wanda a lokacin yake jakada a Paris, ya aiko masa da akwatunan littattafai. Madison ya zauna ya bi tarihin ƙasashen da suka taɓa yin tarayya: biranen Girka na dā, da Suwis, da Holand, da daular Jamus. Ya ga cuta iri ɗaya a jikinsu, wato tsakiya marar ƙarfi da ɓangarori masu yi wa juna ƙeta. A watan Afrilu na 1787 ya rubuta wa kansa jerin aibobin mulkin Amurka. Babban aibin da ya tsaya a kansa shi ne wannan: an kori sarki, an ce mulki na jama'a ne, to amma idan masu rinjaye suka haɗa baki a kan cutar marasa rinjaye, wa zai hana su? Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Madison ya yarda da haka, kuma shi ya sa ya ji tsoron sarkin yawa kamar yadda ya ji tsoron na ƙarfi.

Taron Filadelfiya

An buɗe taron ranar 25 ga watan Mayu na 1787, George Washington na shugabanta. Wakilai 55 suka halarta daga jahohi 12, domin Rhode Island ta ƙi aikowa. Madison ya riga yawancinsu isowa, kuma shirin da wakilan Barjiniya suka gabatar ranar 29 ga Mayu, ta bakin Edmund Randolph, akasarinsa tunaninsa ne: gwamnatin ƙasa mai rassa uku, wadda dokarta za ta hau kan mutane kai tsaye, ba sai ta roƙi jahohi ba. Ya zaɓi kujera a gaba, kusa da shugaban taro, yana rubuta abin da kowa ya faɗa. Da yake a asirce aka yi taron, wannan rubutu nasa, da aka buga a 1840 bayan rasuwarsa, shi ne babbar shaidar abin da ya gudana.

Ana kiransa uban tsarin mulkin Amurka, amma shi da kansa ya ƙi wannan laƙabi, ya ce aikin mutane da yawa ne. Gaskiyarsa, domin an kayar da shi a kan abubuwan da ya fi so. Ya so kujerun majalisu biyu su bi yawan jama'a, amma ƙananan jahohi suka ƙi, har ranar 16 ga Yuli aka tsayar cewa a majalisar dattawa kowace jaha ƙarfinta ɗaya da na ƴar uwarta. Ya so majalisar ƙasa ta sami ikon soke duk dokar jaha da ta ga ba daidai ba, washegari aka yi watsi da wannan ma. Ya so a haɗa shugaban ƙasa da wasu alƙalai su riƙa duba doka kafin ta fara aiki, nan ma bai samu ba. A watan Oktoba ya rubuta wa Jefferson doguwar wasiƙa yana nuna damuwarsa cewa ba a toshe ƙofar zaluncin jahohi ba. Duk da haka, da ya auna takardar da rikicin da ƙasa ke ciki, sai ya ɗaura ɗamarar kare ta.

Faɗin ƙasa magani ne

Kafin tsarin ya fara aiki sai jahohi tara sun amince. Don shawo kan jama'a, Alexander Hamilton da John Jay da Madison suka rubuta maƙalu 85 a jaridun New York, waɗanda aka sani da sunan Federalist. Madison ya rubuta 29 daga ciki. Biyu sun fi shahara, ta 10 da ta 51.

Masu adawa sun kafa hujja da malamin nan na Faransa, Montesquieu, wanda a littafinsa na 1748 a kan ruhin dokoki ya nuna cewa jamhuriya ba ta yiwuwa sai a ƙaramar ƙasa, inda mutane suka san juna. A maƙala ta 10, wadda ta fito ranar 22 ga Nuwamba na 1787, Madison ya juya maganar. Ya ce rarrabuwar kai a jinin ɗan Adam take. Mutane za su saɓa a kan addini, da shugabanni, kuma fiye da kome a kan dukiya, domin mai shi da marar shi, mai bin bashi da wanda ake bi, ba su taɓa son doka iri ɗaya ba. Wanda ya ce zai kawar da wannan saɓani, to sai ya kashe ƴanci, ko ya tilasta wa kowa tunani ɗaya. Na farko ya fi cutar muni, na biyu ba ya yiwuwa.

Saboda haka abin yi shi ne a rage ɓarnar saɓanin. A ƙaramin gari, inda sana'a ɗaya ko ɗariƙa ɗaya ta fi yawa, cikin dare ɗaya masu rinjaye za su iya haɗa baki su danne saura. A babbar ƙasa kuwa, ga manoman taba da shinkafa a kudu, ga masunta da masu jiragen ruwa a arewa, ga fatake, ga maƙera, ga ɗariƙu barkatai. Babu rukunin da zai yi rinjaye shi kaɗai. Duk mai son doka sai ya nemi abokan tafiya, kuma kafin ya same su sai ya sassauta buƙatarsa. Wato yawan rarrabuwar da ake tsoro, shi ne zai zama garkuwar marar ƙarfi.

Iko a gaban iko

Maƙala ta 51 ta koma kan masu riƙe da mulki. Montesquieu ya koyar cewa a raba masu yin doka da masu zartar da ita da masu shari'a. Madison ya yarda, amma ya lura cewa tsarin mulkin Barjiniya ya rubuta wannan rabo ƙarara, kuma duk da haka majalisa ta haɗiye sauran rassan, domin ita ke zaɓen gwamna, ita ke riƙe da baitulmali. Rubuta iyaka a takarda bai hana kowa ƙetare ta ba. Ba a ba kura ajiyar nama don ta yi rantsuwa.

Dabararsa ita ce a ba kowane reshe makamin kare kansa, sa'annan a sa mai riƙe da muƙami ya ji cewa martabarsa tana tare da martabar kujerarsa. Ba ya dogara ga cewa shugabanni za su kasance mutanen kirki. Ya ɗauka za su so girma, sai ya haɗa mai son girma da wani mai son girma, kowa na tsaron gonarsa.

Ga yadda abin ya fito a cikin tsarin. Majalisa ke yin doka, amma shugaban ƙasa na iya ƙin sa hannu, ita kuma tana iya tsallake shi idan ta sami kashi biyu cikin uku a zaurukanta biyu. Shugaban ƙasa ke zaɓen ministoci da jakadu da manyan alƙalai, amma sai majalisar dattawa ta yarda. Shi ne babban kwamandan soja, amma majalisa ce ke shelar yaƙi, kuma ko dala ɗaya ba ta fita daga baitulmali sai da doka. Majalisar wakilai na iya tuhumarsa, ta dattawa ta yi masa shari'a. Wakili na yin shekara 2, shugaban ƙasa 4, dattijo 6, don kada guguwar zaɓe guda ta kwashe su baki ɗaya. Alƙali kuwa yana kan kujerarsa muddin bai yi laifi ba, kuma ba a rage masa albashi, don kada yunwa ko tsoro su juya hukuncinsa. A ƙarƙashin wannan duka, an sake raba iko tsakanin gwamnatin ƙasa da ta jahohi.

Yadda ya sake ra'ayi a kan haƙƙin ƴan ƙasa

Tsarin da aka sa wa hannu a Filadelfiya ba shi da jerin haƙƙoƙin ƴan ƙasa, kuma wannan ne babban makamin masu adawa. A Barjiniya, inda Madison ya kara da Patrick Henry da George Mason, da ƙyar aka amince a watan Yuni na 1788, da ƙuri'a 89 a kan 79. Madison da farko bai ga amfanin jerin ba. A wasiƙar da ya aika wa Jefferson a watan Oktoba na 1788 ya nuna cewa ya ga yadda masu rinjaye ke tattake irin waɗannan sanarwoyi a jahohi duk lokacin da suka ga dama. Yana kuma tsoron kada a ɗauka cewa haƙƙin da ba a lissafa ba babu shi.

Jefferson ya amsa masa daga Paris da hujjar da ta yi nauyi: idan aka rubuta haƙƙi a cikin babbar doka, an ba alƙalai abin da za su riƙe su ce wa gwamnati ta tsaya. Ban da wannan, Madison ya yi wa masu zaɓensa alkawari lokacin da ya kara da James Monroe a kan kujerar wakilci, ya kuma ga cewa gyaran zai kwantar da hankalin waɗanda ke neman a sake sabon taro a warware kome. Ranar 8 ga Yuni na 1789 ya miƙe a majalisar wakilai ya gabatar da gyare-gyaren, ya yi ta naci alhali abokan aikinsa na cewa akwai abin da ya fi gaggawa. A watan Satumba majalisa ta aika wa jahohi guda 12, wata guda bayan Faransa ta fitar da tata sanarwar haƙƙin ɗan Adam. Goma suka tabbata ranar 15 ga Disamba na 1791: ƴancin addini, da na magana, da na jarida, da na taro, da hana binciken gida ba bisa ƙa'ida ba, da hana tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa, da haƙƙin shari'a a fili, da sauransu. Na tara ya amsa tsoronsa na farko, domin ya ce lissafa wasu haƙƙoƙi bai soke waɗanda ba a lissafa ba.

Gyaran da ya ce ya fi kowanne daraja, wanda zai hana jahohi su ma taɓa ƴancin addini da na jarida, majalisar dattawa ta cire shi. Sai bayan gyara na 14 a shekarar 1868, da hukunce-hukuncen kotun ƙoli daga 1925, aka kai inda ya so a kai. Ɗaya kuma daga cikin biyun da suka saura, wanda ya hana ƙarin albashin ƴan majalisa ya fara aiki kafin a sake zaɓe, bai tabbata ba sai a 1992.

Gwaji ya zo

A shekarar 1791 Hamilton, yana ministan kuɗi, ya kawo shirin kafa bankin ƙasa. Madison ya ƙi, ya ce an lissafa ikon majalisa ɗaya bayan ɗaya, kuma kafa banki ba ya ciki. Idan aka ce duk abin da ke da amfani ya halatta, to lissafin ya zama banza. Aka kayar da shi, Washington ya sa hannu. Daga nan tsofaffin abokan biyu suka rabu, Madison da Jefferson suka kafa jam'iyyar adawa.

A shekarar 1798, lokacin da ake fargabar yaƙi da Faransa, gwamnatin John Adams ta yi dokar da ta sa ɓata sunan gwamnati ko majalisa ko shugaban ƙasa ya zama laifi. Aka kama ƴan jarida, har wani ɗan majalisa, Matthew Lyon, ya yi wata huɗu a gidan kaso tare da tarar dala 1,000. Madison ya rubuta ƙudurin da majalisar Barjiniya ta yi na ƙin dokar, sa'annan a 1800 ya faɗaɗa hujjarsa. Ya ce a Ingila majalisa ce mai ikon ƙarshe, amma a Amurka jama'a ne. Wanda zai zaɓi shugaba kuwa tilas a bar shi ya binciki aikin shugaban, ya faɗi aibinsa, in ba haka ba zaɓe ya zama wasa. Dokar ta ƙare a 1801, kuma a 1964 kotun ƙoli ta kafa hujja da wannan tunani nasa a wata babbar shari'a a kan ƴancin jarida.

Sunansa ya shiga tarihin shari'a ta wata hanyar kuma. Yana ministan harkokin waje, wani mai suna William Marbury ya kai shi ƙara don bai miƙa masa takardar naɗinsa ba. A hukuncin 1803, babban alƙali John Marshall ya ce Marbury na da gaskiya, amma ayar dokar da ta ba kotun ikon tilasta wa minista ta saɓa wa tsarin mulki, saboda haka ba ta aiki. Wannan hukunci ne ya kafa ikon kotu na ture dokar da ta saɓa wa babbar doka.

Daga 1809 zuwa 1817 Madison ya zama shugaban ƙasa na huɗu, aka sami damar ganin ko zai ɗaure kansa da igiyar da ya tufka. Da rikici da Ingila ya yi tsanani a 1812, ya kai maganar gaban majalisa, ita ta yi shelar yaƙi ranar 18 ga Yuni. Yaƙin ya yi masa wuya, a watan Agusta na 1814 sojojin Ingila suka ƙone fadarsa da ginin majalisa, jaridun adawa suka yi ta zaginsa, amma bai nemi dokar rufe bakin kowa ba. A 1816 ya sa hannu a kan kafa sabon bankin ƙasa, ya ce tun da majalisu da shugabanni da jama'a sun yi shekara 20 suna aiki da na farko, al'adar ƙasa ta warware gardamar, ra'ayinsa shi kaɗai ba zai rinjaye ta ba. Ranar 3 ga Maris na 1817 kuma, ana gobe zai sauka, ya ƙi sa hannu a dokar gina hanyoyi da magudanan ruwa da kuɗin gwamnatin ƙasa. Shi da kansa yana son aikin, amma ya ce tsarin mulki bai ba da wannan iko ba, wanda ke so sai ya bi hanyar gyara.

Inda dabarar ta gaza

Ƙidayar 1790 ta nuna mutum kusan miliyan 4 a Amurka, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne, jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka. Madison ya gaji bayi, ya riƙe fiye da 100 a gandunsa na Montpelier. A taron Filadelfiya ya ce bai dace tsarin mulki ya yarda cewa mutum dukiya ne ba, kuma kalmar bawa ba ta fito a ciki ba. Amma abin da kalmar ke nufi ya fito. An yarda a ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, lissafin da shi Madison ya taɓa kawowa a 1783 a kan rabon haraji, kuma wannan ya ƙara wa iyayengijinsu kujeru. An hana majalisa tsayar da fataucin bayi kafin 1808. An ce bawan da ya gudu a mai da shi.

Dabarar Madison tana kare wanda ke da ƙuri'a da wakili da damar zuwa kotu. Bawa ba shi da ko ɗaya, haka ma ƴan asalin ƙasar da ake ƙwace wa filaye, mata kuwa sai a 1920 aka tabbatar musu da ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya. A nan masu iko ba su tare juna ba, domin buƙatarsu ta zo ɗaya. Da ya tsufa Madison ya shugabanci ƙungiyar da ke kai ƴantattun bayi Laberiya, domin bai ga yadda baƙi da fari za su zauna daidai a ƙasa guda ba. Ya rasu ranar 28 ga Yuni na 1836 yana da shekara 85, bai ƴanta bayinsa ba, daga baya aka sayar da da yawa daga cikinsu.

Kafin rasuwarsa ya ga alamar abin da ke tafe. A 1832 jahar Karolina ta Kudu ta ce tana da ikon soke dokar ƙasa a cikin iyakarta, magoya bayanta suna kafa hujja da ƙudurin 1798. Madison ya yi ta rubutu yana ƙaryata su, ya ce jaha guda ba ta da ikon rushe abin da jama'ar ƙasa duka suka ƙulla. Bai hana ba. Daga 1861 zuwa 1865 aka yi yaƙin basasa, mutum fiye da 600,000 suka mutu, sa'annan gyara na 13 ya haramta bauta.

Abin da ya bari

Ba kowace ƙasa ce ta ɗauki tsarin Amurka ba, kuma a Amurka kanta ana kukan cewa yawan shingaye na hana gwamnati aiki, kuma jaha mai mutum ƙasa da miliyan ɗaya tana da dattawa biyu daidai da mai miliyan 39, abin da Madison ya yi faɗa da shi tun 1787. Amma hanyarsa ta auna tsarin mulki tana da amfani ga mai karanta kowace babbar doka. Bayan an karanta kyawawan alkawuran da ke shafin farko, sai a duba cikin ayoyi: wa ke naɗa alƙali, wa ke biyansa, wa ke iya tsige shi? Wa ke riƙe da makullin baitulmali? Wa ke da ikon kai ƙasa yaƙi? Idan masu rinjaye suka zalunci mutum guda, ina zai kai kuka, kuma wanda zai saurare shi yana da ƙarfin da zai tsaya masa? Tarihin bayin Montpelier ya ƙara tambaya guda a kan waɗannan, wadda mai gandun bai amsa ba, wato su wa aka bari a waje lokacin da ake rabon kujerun.